Jitar da Ta Ɗauki Taken Yaya

Tun ranar da mijina ya shigo da mutumin nan gidanmu na Batsari ban yarda da shi ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Mijina direban bas ne, yana jigila tsakanin Batsari da Katsina, kuma yana da wani hali da ya daɗe yana ƙona mini rai: duk wanda ya zauna kujerar gaba ya ja shi da hira, kafin a kai tasha ya zama ɗan'uwa. A shekarun da maƙwabci ba ya gaya wa maƙwabci ranar da zai je gona, shi ya kwaso baƙo har zaure. Baƙon ma mai tarin gashi, kamar bai san hanyar gidan wanzami ba, da doguwar baƙar jaka a rataye. Da na leƙo na ga jakar na ɗauka bindiga ce. Aka zuge, sai ga jita ja, irin mai aiki da lantarki, da wasu 'yan akwatunan ƙarfe da wayoyi a cukurkuɗe. Mijina ya dube ni yana jiran in ji kunya, ni kuwa ko a jikina.

Wurin Baba baƙon ya zo. A lokacin iyayena suna hannuna, a ɗakin da muka ware musu, tun bayan da ƙauyenmu na bayan Ruma ya watse. Ni ina aiki a wani ƙaramin asibiti, in fita da safe in dawo bayan azahar in same su yadda na bar su. Ba tashin garin kaɗai ya karya su ba. Yayana, ɗan farin Inna, 'yan bindiga sun ɗauke shi a gona da rana tsaka yana yankan gero. Sauran waɗanda aka ɗauka a kakar nan an yi ta kiran danginsu a waya, wasu sun dawo, wasu an sami labarin rasuwarsu. Mu ba a taɓa kiranmu ba. Damina biyu ta wuce a haka. Baba ya rataye garayarsa a ƙusa ya daina magana sai dole. Inna kuwa duk wadda ta shigo da fuskar ta'aziyya sai ta tashi ta ba ta wuri. Ba ta yarda a yi masa sadaka ba, ba ta yarda a ce marigayi ba, wayarta kullum tana ƙulle a bakin zane, ko caji za a yi sai ta zauna kusa da ita.

Baba makaɗin garaya ne na maharba, gado ya yi. A garinmu duk namijin da ya fara bin farauta ya nuna bajinta, makaɗi yakan yi masa take, wato ɗan gajeren kiɗa nasa shi kaɗai, wanda tsirkiya ke faɗa ba sai an buɗe baki ba. Dokarsa guda ce: ba a kaɗa taken mutum sai yana wurin, ko an hango shi tafe. Shi ya sa matan cikin gida, ko ba su leƙa ba, in suka ji taken wane sun san wane ya iso, sai a tashi a dama fura. In mutum ya rasu, a kaɗa takensa sau ɗaya ranar bakwai, a ajiye shi ke nan har abada. Na Yaya sai ya maƙale a tsakani. Ba ya nan balle a kaɗa masa, ba a ce ya mutu ba balle a ajiye.

Baƙon ya ce mahaifiyarsa 'yar Safana ce, shi kuma ya yi shekaru a Kaduna da Legas yana kaɗa jita a otal-otal da wuraren biki. A ido zai haura arba'in. Ya durƙusa ya gaida Baba gaisuwa mai tsawo, da gajiya, da iyali, da yaya muka ji da wannan hali, bai tsallake ko ɗaya ba, kuma rashin kuskuren nan ya ƙara mini zargi. Sannan ya shiga bayani. Wai akwai wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashen nan, ana ce masa bulus. Kiɗan kukan zuci ne, kuma wai duk wanda ya saurare shi da kyau zai ji dangin garaya da gurmi da molo a ciki. Wai daga baya samarin Turawa suka ɗauka suka jona masa lantarki, suka riƙa murɗa sautin yana miƙewa yana karkarwa yana amsa kuwwa, har mai sauraro ya ji kansa na juyawa bai sha komai ba. Ya faɗi sunan wannan, rok ne mai wani dogon laƙabi da har yau harshena bai iya ba. Shi burinsa ya dawo da abin gida, garayar Baba a ƙasa tana riƙe da hanya, jitarsa a sama tana shawagi.

Daga bakin ƙofa na ce masa, to in kiɗan namu ne aka kwasa aka kai can, yanzu ragowar aka aiko shi ya share? Ya yi dariya ya ce Malama tana da gaskiya ta tambaya. Mijina ya harare ni, na rama.

Kada a ga laifina da yawa. A shekarun nan infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba shi da kama. An kama mai sayar da rake, an kama mai gyaran waya, an kama wanda kowa ke cewa salihi ne ba ya ko ɗaga ido. Maharba kuma su ne ɓarayin daji suka fi tsana, don da yawansu sun shiga aikin sa-kai suna tsaron garuruwa. To waƙoƙin Baba mene ne in ba jerin maharban yankinmu ba? Wane ɗan wane, na gari kaza, mai kare kaza, wanda ya san mashigin dutse kaza. Mutum ya zo da rikoda ya ce tsoho ya rera masa wannan duka, ni kuma in tafa masa? Na gaya wa mijina a gaban baƙon cewa in wani abu ya sami maharbi ɗaya saboda wannan rikodar, to ya san a wuyan wa yake.

Da na so, da ranar na kore shi. Abin da ya hana ni Baba ne. Yana zaune yana kallon jitar nan, can sai ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, in sauko masa da garayarsa. Tun da suka baro gida bai taɓa cewa a miƙo masa wani abu ba, ko ruwa. Na sauko da ita, ya busa ƙurar, ya shafa fatar da tafin hannu, ya ce tsirkiya ɗaya ta mutu sai an sake. Da yamman nan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Na ji haushi da daɗi a lokaci guda, haushin ya ɗan fi yawa, don ni na yi shekara biyu ina lallashi ban samu haka ba, wani mai gashi ya zo da jar jita ya samu a yini ɗaya.

Sai na kafa sharaɗi. Na ce in za a yi, ba baki. Ba suna, ba kirari, ba sunan gari, tsirkiya kawai. Kuma duk ranar da aka ɗauka, ba zai fita da rikodar ba sai na saurara. Ya amince nan take, saurin amincewar ma na ƙara ta cikin laifuffukansa. Na koma ɗaki ina jin na yi dabara, na toshe duk wata kafa.

Suka fara zama bayan la'asar a ƙarƙashin bedin ƙofar gida, wato darbejiya, da batirin mota da mijina ya ara musu. Ranar farko da ya taka ɗaya daga cikin akwatunan nan da ƙafa, jitar ta saki wani kuka mai tsawo, maƙwabciyarmu ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko kyanwa ce ta faɗa rijiya. Kafin mako ya zagayo kowa a unguwar ya zama masanin kiɗa. Ladanin masallacinmu ya ce garayar ma ita kaɗai haƙuri yake yi da ita, balle an haɗo ta da ta Nasara. Wani tsohon maharbi, shi ma ɗan gudun hijira, ya saurara na ɗan lokaci ya kakkaɓe rigarsa ya ce an zuba sukari a miyar kuka. 'Yan acaba kuwa suna kashe babura su tsaya, suna cewa tsoho ya waye. Wani malamin makaranta ya tsaya ya yi mana lacca a kan cewa al'adar da ba ta canzawa mutuwa take yi, na tambaye shi ko ya taɓa zama ya saurari garaya kafin a jona mata batir, ya ce yana sauri.

Ni ra'ayina bai canza ba, kuma zan faɗe shi. Garaya tana faɗin abin da za ta faɗa a taƙaice ta yi shiru. Jitar nan kuwa irin baƙon nan ce da in ya fara ba da labari sai tuwo ya huce. Ta ɗauki abu ɗaya ta ja shi, ta murɗe shi, ta sake shi ya yi ta dawowa kamar ana magana cikin randa, har ka manta daga ina aka taso. Na yarda akwai lokacin da takan yi wani sauti da ke kawo mini ƙwalla, sai in tashi in shiga madafa in ce hayaƙi ne. Amma ban taɓa yarda cewa kukan da ake kunnawa da ƙafa a kashe da ƙafa kuka ne na gaskiya ba.

Baba bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba. Ya dai mai da mutumin nan almajirin sana'a ƙarfi da yaji. In mutumin ya riga shi shiga kiɗa, sai Baba ya tsaya cak ya dube shi har sai ya ba da haƙuri. Wata rana na ji yana ce masa:

"Abar nan taka tana da dogon numfashi, ɗan nan, amma ba ta san inda za ta ba. Ka bi bayana, kar ka wuce ni."

Shi kuwa sai "to, Baba", yana murmushi kamar an ba shi kyauta.

Kullum in sun tashi sai in karɓi rikodar in shiga ɗaki in saurara. Murya nake nema. In na ji kiɗa sai in tura gaba, in na ji magana in tsaya in kasa kunne. Sau biyu na kama Baba ya yi suɓul da baka ya ambaci wani gari, na sa aka goge a gabana. Na kuma binciki mutumin ta bayan fage. Na sa wata abokiyar aikina 'yar Safana ta tambayo mini asalinsa, ta dawo ta ce gaskiya ne, an san gidansu, uwarsa tana nan da rai tana sayar da daddawa. Na ce ai infoma ma uwa ce ta haife shi.

Akwai wani abu da na gani ban ba shi muhimmanci ba. In sun huta, baƙon ya tashi gyara wayoyinsa ko ya je alwala, hannun Baba yakan koma kan tsirkiya shi kaɗai. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida na jiyo shi can ƙasa-ƙasa, farkon taken Yaya ne, ya kaɗa ya tsaya. Na ɗaga kai na dubi ɗakin Inna, na ga ba ta ji ba, na ci gaba da tankaɗena. Ban ce masa komai ba, don wa zai hana uba? Abin da bai zo mini ba shi ne rikodar tana nan a kan tabarma, a kunne. Da na karɓa da yamma na ji kiɗa ne ba murya, na tura gaba.

Bayan kamar wata guda ya yi sallama, ya ce zai koma Safana wurin mahaifiyarsa ya zauna ya haɗa aikin. Na ce Allah ya kiyaye hanya, a raina na ce a rabu lafiya. Makonni suka wuce, ba a kai wa kowa hari saboda mu ba, mijina ya fara yi mini gori.

Sai ƙanwar Inna da ke aure a Safana ta kwanta rashin lafiya. Inna ta ce sai ta je. Hanyar ba ta da tabbas a lokacin, ana tambayar waɗanda suka fito kafin a shiga, don haka na ɗauki hutu na raka ta, muka zaɓi ranar kasuwa don motoci sun fi yawa. Muka duba marar lafiya, da hantsi muka biyo ta kasuwa Inna za ta sayi kuka da kuɓewa busasshiya. Tana durƙushe tana taɓa kaya, ni ina tsaye riƙe da jakarta.

Daga can gefen rumfunan masu cajin waya da tura waƙoƙi wata babbar sifika ta yi shiru, ta sake tashi. Garaya ce ita kaɗai. Hannun Baba ne, ko cikin barci na san shi. Taken Yaya ne, da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa.

Na ga bayan Inna ya miƙe. Ta tashi, kuɓewar da ke hannunta ta zube, ba ta ko duba ba. Inna da ba ta iya ratsa maza biyu sai ta rusuna ta kauce, ranar ta kutsa cikin mahauta da masu awo tana ture su da hannu, mayafinta ya zame ya faɗi, na tsaya ɗauka ta yi mini nisa. Ita abin da ta sani tun tana amarya shi ne ba a kaɗa wannan sai mai shi yana wurin. Tana tafe tana duba fuskoki. Sannan na ji ta kira sunansa. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan", ko ɗan wani ne mai irin sunan sai ta sakaya. Ni da na girma a ɗakinta ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, sau uku, a gaban mahauta.

Kafin in cim mata jitar ta shigo, ta hau kan taken tana kukanta mai tsawo. Na same ta tsaye gaban rumfar, tana kallon baƙar sifika a kan benci, da wani mutum mai ƙiba yana danna kwamfuta. Ya tambaye ta ko caji za ta ba da. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi mayafinta daga hannuna ta yafa, ta ce mu tafi, rana tana yi.

Na mai da ita gidan ƙanwarta, na fito neman mai jitar. Ba a sha wuyar nuna mini gidan mai daddawa ba. Na same shi a zaure da wayoyinsa, ya taso da fara'a zai gaishe ni, ban bar shi ba. Abin da na gaya masa ba zan rubuta duka ba. Na ce masa ɓarawo, na ce dama na sani, na ce ya shiga gidan mutane ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Da ya gane abin da nake nufi sai ya zauna a ƙasa. Ya rantse bai san kiɗan yana da mai shi ba. Ya ce cikin duk abin da ya ɗauka babu wanda ya taɓa shi kamar ɗan guntun nan, ya ɗauka tsoho ne ke wasa da yatsu, shi ya sa ya yanko shi ya yi ta maimaita shi ya gina waƙar a kansa. Ya ba mai rumfar ne don ya ji ko mutanen gida za su karɓa kafin ya kai ko'ina. Sannan a hankali ya ce ai na saurari rikodar ranar, kuma ni na ce ba baki, tsirkiya kawai.

Ni 'yar makaɗin garaya, da na tashi ina jin tsirkiya tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ni ce na zauna ina gadin baki na bar ta ta wuce da suna a gabana. Na ji kunya, kunyar kuma ta ƙara mini fushi. Na ce ya je ya sa a goge. Muka koma wurin mai rumfar tare, ya ce shi zai goge nasa, amma kwana goma ke nan yana tura wa mutane waƙar a katin waya, ba ta da mai hana ta tafiya yanzu.

Washegari mutumin ya biyo mu Batsari, bai zo da jita ba. Ya durƙusa gaban Baba a ƙarƙashin bedin ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Na riga na gaya wa Baba komai, har da abin da ya faru a kasuwa. Ina tsaye ina jira ya kore shi. Sai ya ce a kunna masa ya ji.

Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Da ta ƙare ya ce:

"Ba ɗaukar da ka yi ta dame ni ba, ni na kaɗa, laifina ne. Amma ka san mi ya sa nake tsayawa a nan? Take kira ne. In an kira sai a dakata, mai shi ya amsa da kirarinshi, sannan a ci gaba. Kai kuma ka zo ka cika wurin da kukan abar nan taka. Ko da ya ji, ina za ya sa bakinshi?"

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce zai bi duk rumfunan da ya sani, Safana da Batsari, ya roƙe su su goge, kuma ba zai kai ta ko'ina ba. Na ce haka ya kamata, kuma ya fara yau.

Ashe Inna tana bayan ƙyauren zaure. Ba ta taɓa yi masa magana ba tun zuwansa, ko gaisuwarsa daga ɗaki take amsawa. Daga nan inda take ta tambaye shi su wa ke sayen waƙoƙin nan. Ya ce kowa, 'yan acaba, 'yan kasuwa, matan aure. Ta ce har mutanen daji? Ya dube ni, sannan ya ce mai rumfar ya taɓa gaya masa cewa akan aiko da katuna da yawa a cika su a mayar, ba ya tambayar inda za su, amma kowa ya sani.

"To kar a goge," in ji Inna. "Mu ba mu iya shiga dajin nan. Sojoji ma sun shiga sun hito. In katin waya na shiga, ku bar shi shi tahi."

Na ce Inna ki yi tunani. Na ce in Yaya yana hannunsu, ƙila abin da ya raya shi har yanzu shi ne ba su san maharbi ba ne. In aka kunna wannan a gabansu ya zabura ya amsa fa? Na ce kuma mutumin nan har yanzu ba mu san cikinsa ba, mun dai san gidansu. Na faɗi wannan a gabansa, ban damu ba.

Ta ce, "Ni na haihe shi, ba wawa ba ne. A cikinshi za ya amsa. Shekara biyu bai ji komi daga gare mu ba, kina so ya ce mun ajiye shi?"

Har yau ban tabbata ita ke da gaskiya ba, kuma har yau ina jin tsoron abin da na faɗa mata. Amma ɗanta ne.

Baba ya ce in haka ne ba wannan guntun za a aika ba, a sake ɗauka, cikakke, yadda ake yi. Mijina ya kai mutumin Safana suka ɗauko kayan. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma, aka jona batir. Baba ya ce jitar ta yi duk shawagin da take so a farko da ƙarshe, tunda ita samari ke bi, ita za ta ɗauki abin ta kai shi nesa, amma in aka zo wurin amsawa ya ɗauke hannunsa da ƙafarsa. Na karɓi rikodar na riƙe da kaina, don har a lokacin ban yarda in bar masa ita ba. Inna ta fito ta zauna a bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

Jitar ta fara, ta yi ta jan kukanta, na daure. Sannan ta lafa, garaya ta shigo. Baba ya kaɗa kiran da ƙarfi, yadda yake yi in ya hango Yaya ya ɓullo daga bakin daji da karnukansa, ya kai wurin ya ɗaga hannu. Muka yi shiru. Ana jin wata mata tana daka a gidan baya, da babur ya wuce a titi. Na san tsawon wurin nan, numfashi uku ne ko huɗu, iyakar abin da kirarin Yaya ke ci. Numfashi huɗu ya wuce Baba bai sauke hannu ba. Na ga ƙafar mai jitar tana rawa a saman akwatinsa, amma bai taka ba. Sai da na fara tunanin ko Baba ya kasa ne, sannan ya sauke hannu ya ƙarasa taken har ƙarshe.

Da aka kashe rikoda, mutumin ya share fuskarsa da hannun riga. Cikin ladabi ya ce wa Baba shirun ya yi tsawo sosai, masu sauraro za su ɗauka waƙar ta yanke ne su tura gaba, ko ya ɗan rage shi in ya je haɗawa?

Baba yana mai da garayar cikin jakarta, bai ɗago ba.

"Bar shi yadda yake," ya ce. "Daga nesa za ya amso."